Yadda Ake Shigar da Ƙorafi Idan An Rage Miki Lokacin Aiki Bayan Hutun Haihuwa

Ba kasafai ake kiran ma'aikaciyar da ta dawo daga hutun haihuwa a gaya mata kai tsaye cewa an taɓa mata albashi ba. Abin da aka fi yi shi ne a tarbe ta da barka, a tambayi lafiyar jariri, sannan a ce, "Mun rage miki aiki ne domin ki samu damar kula da yaro." Sai ƙarshen wata ya zo ta ga abin da ya shiga asusunta ya ragu sosai. Malamar makarantar kuɗi da take ɗaukar darasi 24 a mako sai a bar mata 12, ma'aikaciyar jinya a asibiti mai zaman kansa sai ta tarar da sunanta sau uku kawai a jadawalin mako, mai karɓar kuɗi a kanti kuma a ce ta riƙa tashi da azahar. Na daɗe ina raka mata zaman sauraron irin wannan ƙorafi a matsayina na wakiliyar ma'aikata, kuma abin da na fi gani yana kashe ƙorafi tun bai tashi ba shi ne kawaici. Mace ta ji nauyin yin magana saboda an zo mata suna da kayan barka, ta yi wata huɗu ko biyar tana karɓar ragaggen albashi, ranar da ta buɗe baki a ce ai da yardarta aka yi.

Wannan bayani ya shafi masu aiki a Najeriya ne. A Nijar dokar aiki daban ce, hutun haihuwa mako 14 ne, kuma wurin sufeton aiki ake fara kai kuka.

Abubuwan da za ki tanada

Na farko shi ne takardar ɗaukar aiki, tare da duk wata takarda ta tabbatarwa ko ƙarin girma da aka ba ki daga baya. Na biyu, littafin ƙa'idojin ma'aikata na wurin aikinku, domin a cikinsa ake rubuta tsawon hutun haihuwa da kuma wanda ake miƙa wa ƙorafi. Na uku, takardun albashi na aƙalla wata shida kafin ki tafi hutu da na kowane wata tun da kika dawo. Na huɗu, jadawalin aiki na da da na yanzu. Na biyar, takardar neman hutun haihuwa, da amincewar da aka ba ki, da takardar likita. Na shida, duk saƙon da aka aiko miki ta WhatsApp ko imel game da dawowarki. Sai kuma ƙaramin littafin rubutu wanda ba za ki riƙa barinsa a ofis ba.

Da wuya a samu wadda take da waɗannan duka. Idan ba a taɓa ba ki takardar ɗaukar aiki ba, abin da ya zama ruwan dare a makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci, katin shaidar aiki da saƙonnin shigar albashi sun isa su nuna cewa ke ma'aikaciyarsu ce. Laifin rashin takardar ma ba a wuyanki yake ba, domin sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Idan ba a ba da takardar albashi a wurinku, ki je banki ki karɓi bayanin asusunki na shekara guda mai ɗauke da hatimi. Idan kuwa a hannu ake biyan ku, ki ɗauki hoton shafin da kike sa hannu a littafin biya. Jadawalin da ke manne a bango ki ɗauki hotonsa yau ɗin nan, domin ana cire shi da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙorafi.

Ɗan abin da ya kamata ki sani na doka

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashinta idan ta cika wata shida a aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Sashen ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aikinta domin ta shayar. A nan ne masu ɗaukar aiki suka fi yin dabara, su haɗa lokacin shayarwa da rage lokacin aiki kamar abu ɗaya ne. Lokacin shayarwa haƙƙinki ne a cikin ranar aikinki, rage lokacin aiki kuwa sauya yarjejeniyar aiki ne, kuma sashe na 13 ya nuna cewa lokutan aiki ana tsayar da su ne ta hanyar yardar ɓangarorin biyu ko yarjejeniyar ƙungiya. Sashe na 17 kuma ya ce idan ma'aikaci ya zo aiki da lafiyarsa aka kasa ba shi aiki, sai a biya shi kamar ya yi aikin ranar, in ban da wasu 'yan yanayi na gaggawa.

Dokar Ƙwadago ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, su takardar ɗaukar aikinsu da littafin ƙa'idoji ne makaminsu na farko. Amma kowa da kowa yana da mafaka a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta, a sashe na 254C, ikon sauraron ƙararrakin wariya a wurin aiki da rashin adalci ga ma'aikaci, har da yin amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Kotun ta taɓa yanke hukunci cewa sallamar wata ma'aikaciya saboda ta sanar da cewa tana da juna biyu wariya ce, ta kuma sa aka biya ta diyya. Masu aikin gwamnati kuma ƙa'idojinsu sun fi wannan sauƙi: a tarayya hutun bai gaza mako 16 ba, da cikakken albashi, Jihar Kaduna kuma ta mayar da nata wata shida a 2019.

Mataki na 1: Ki tantance abin da ya sauya, ki mayar da shi lissafi

Ki raba shafi gida biyu, kafin hutu da bayan hutu. Ki rubuta kwanakin aiki a mako, da awoyi ko darussa, da albashi, da alawus, da aikin da kike riƙe da shi. Misali, malamar da take karɓar naira 90,000 aka mayar da ita 50,000 tana asarar 40,000 duk wata, wato 120,000 a wata uku. Kada ki tsaya a albashi kawai. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, saboda haka duk ragin da aka yi wa albashi yana bin abin da ke shiga asusun fanshonki. Akwai kuma wani tarko da mutane ba su cika lura da shi ba: dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta shafi masu aikin rabin lokaci ba, don haka mayar da ke wannan rukuni yana iya fitar da ke daga kariyarta.

Daga nan ki bincika ko ke kaɗai aka rage wa. Idan ɗalibai sun ragu an rage wa malamai biyar darussa, ƙorafinki zai tsaya ne a kan sauya sharuɗɗa ba tare da shawara ba. Idan kuwa ke kaɗai ce, kuma wanda ya riƙe miki aiki lokacin da kike jego shi ne har yanzu yake ɗauke da darussanki, to maganar wariya ta shigo, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za ki samu.

Mataki na 2: Kada ki sa hannu, kada kuma ki daina zuwa aiki

Idan aka miƙo miki sabuwar takardar sharuɗɗa, ki karɓa cikin ladabi ki ce za ki karanta a gida. Idan aka matsa sai kin nuna kin karɓa, ki rubuta a saman sa hannunki cewa kin karɓa ne kawai, ba ki amince da abin da ke ciki ba, ki sa kwanan wata. Sau da yawa ana kawo irin wannan takarda ne a ranar farko ta dawowa, lokacin da hankalin mace yake kan jaririn da ta bari wurin mai raino, kuma wadda ta sa hannu a wannan rana ta jawo wa kanta aikin da zai yi wuyar warwarewa.

Kuskure na biyu shi ne fushi ya sa ki zauna a gida. Rashin zuwa aiki ba tare da izini ba dalili ne na ba ki takardar tuhuma, daga nan kuma sallama, sai maganar ta tashi daga ragin da aka yi miki ta koma kan halinki. Ki ci gaba da zuwa, ki sa hannu a rajista a kan lokaci, ki yi aikin da aka ba ki. A ranakun da aka cire sunanki daga jadawali, ki aika gajeren saƙo cewa a shirye kike ki yi aikin ranar kamar yadda kika saba. Haka kuma kada ki rubuta takardar ajiye aiki kafin ki ga lauya ko wakilin ƙungiya, ko da an ce miki hakan zai fi miki mutunci.

Mataki na 3: Ki yi magana da shugabanki na kusa

Ki nemi ganinsa ke kaɗai, ba a gaban abokan aiki ba. Abin da za ki ce bai wuce wannan ba: "Yallaɓai, na gode da kulawar da aka nuna mini, amma na shirya wanda zai riƙe mini yaro, kuma ina son in koma cikakken aikina da albashina. Wa ya yanke shawarar ragin, kuma zuwa yaushe?" Ki saurari amsar, kada ki yi gardama. Da kin fito ki rubuta abin da aka faɗa a littafinki, sannan ki aika masa saƙo kafin dare: kin gode da ganawar yau, ga abin da kika nema, ga amsar da ya ba ki. Wannan saƙo shi ne ya mayar da hirar baki ta zama shaida. Idan shugaban naki shi ne ya yi ragin kuma ya riga ya nuna ba zai saurara ba, ki tsallake wannan mataki. Mako guda ya isa jiran amsa.

Mataki na 4: Rubuta takardar ƙorafi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata ki ɓata lokaci. Takardar kada ta wuce shafi biyu. Ki rubuta ta da harshen da ake aiki da shi a wurinku, wanda galibi Turanci ne, kuma idan wani zai taimaka miki, ki fara tsara abin da kike son faɗa da kanki, ki sa a karanta miki fassarar jimla bayan jimla kafin ki sa hannu. Ki aika ta ga wanda littafin ƙa'idoji ya ambata. Idan babu littafi, ki aika ga shugaban sashen kula da ma'aikata, ko ga mai wurin da kansa idan ƙaramin wuri ne.

A kan takardar ki rubuta ƙarara cewa ƙorafi ne a hukumance game da rage lokacin aiki da albashi bayan hutun haihuwa, domin takardar da aka fara da "ina roƙon a taimaka a duba" ana ɗaukar ta a matsayin neman alfarma, a kuma ajiye ta. Sakin layi na farko ya faɗi ranar da kika fara aiki, da muƙaminki, da lokacin aikinki da albashinki kafin hutu. Na biyu ya faɗi ranar da kika tafi hutu da izini da ranar da kika dawo. Na uku ya faɗi abin da aka sauya, da ranar da aka sauya shi, da wanda ya sanar da ke, da kalmomin da ya yi amfani da su. Idan an ce miki "mai goyo ba za ta iya aikin dare ba", ki rubuta shi yadda aka faɗa, kada ki ƙara gishiri. Na huɗu shi ne jimlar da ba a barin ta ko da me: "Ban nemi wannan sauyi ba, ba a yi shawara da ni ba, ban amince da shi ba, kuma ci gaba da aikin da nake yi a kan sabon jadawali ba ya nufin na yarda." Na biyar ya faɗi abin da kike nema: a mayar miki da lokacin aikinki daga rana kaza, a biya ki bambancin albashi na watannin da suka wuce tare da kuɗin fansho, a tabbatar miki da lokacin shayarwa ba tare da an cire komai ba, a kuma ba ki amsa a rubuce cikin mako biyu.

Ki guji abu uku. Kada ki zuba duk tsofaffin ɓacin ranki na shekaru a ciki, domin za a zaɓi mafi rauni a amsa shi a bar na gaske. Kada ki kira kowa azzalumi ko munafuki. Kada kuma ki yi barazanar kotu ko gidan rediyo a takardar farko, ya isa ki ambaci sashen dokar da ya shafe ki a jimla ɗaya. Ki haɗa kwafin shaidunki, ki sa wa kowace lamba, ainihin takardun kuma su zauna a gida.

Ma'aikaciyar gwamnati ta bi da takardarta ta hannun shugaban sashenta kamar yadda ƙa'idar aiki ta tsara, amma ta ajiye kwafi mai hatimi. Wadda wani kamfanin samar da ma'aikata ya tura ta banki ko masana'anta kuma ta aika wa wuraren biyu, saboda kowannensu ya saba cewa ɗayan ne ke da alhaki, ita kuwa Kotun Ma'aikata tana iya ɗaukar su duka a matsayin masu ɗaukarta aiki.

Mataki na 5: Miƙa takardar

Ki buga kwafi biyu, a buga wa naki hatimin karɓa da sa hannu da kwanan wata. Idan sakatare ya ƙi, ki aika ta imel a ranar, ko ta kamfanin kai saƙo ki ajiye rasit. Wayar da saƙonnin suke ciki kada ki sayar da ita ko ki goge ta, domin kotu na iya buƙatar bayani a kan na'urar da shaidar ta fito.

Mataki na 6: Zaman sauraron ƙorafi

Ki nemi a ba ki damar zuwa da wakilin ƙungiya ko abokiyar aiki wadda za ta rubuta abin da aka faɗa. Ba na ba da shawarar zuwa da maigida ko wani babba daga gida wannan zama, duk da na san niyyar alheri ce. Da zarar sun shiga, maganar takan koma ta dattaku, a yi ta ba juna haƙuri, a tashi da "in sha Allahu za a duba", ba tare da an rubuta komai ba. Idan akwai dattijon da mai wurin yake jin nauyinsa, ya yi masa magana a gefe, takardarki kuma ta ci gaba da tafiyarta.

A zaman ki riƙe tambayoyi kaɗan ki tsaya a kansu: mene ne dalilin ragin, su waye kuma aka rage wa, wa yake yin aikin da aka cire mini, yaushe aka yi shawara da ni. Idan aka ce don amfaninki aka yi, ki gode ki ce ba ki nema ba. Idan aka ce kuɗi ne babu, ki tambayi yadda aka zaɓi wanda za a rage wa. Idan kuma aka ɓullo da maganar cewa aikinki ya yi rauni, ki nemi a nuna miki takardar gargaɗin da aka taɓa ba ki kafin ki tafi hutu. Kada ki naɗi murya a ɓoye, ki nemi izini, in an ƙi ku rubuta da hannu, ki aika musu taƙaitaccen bayanin zaman washegari.

Mai yiwuwa ke ma kina son sassauci na ɗan lokaci, kuma babu aibu a cikin hakan. Sai dai a rubuta shi: ranar farawa, ranar ƙarewa, albashin da za a biya, da alkawarin komawa cikakken aiki a ranar da aka sa. Duk tayin da aka yi miki a zaman, ki nemi kwana biyu ki yi tunani.

Mataki na 7: Idan amsar ba ta gamsar ba, ko an yi shiru

Ki aika tunatarwa ranar da wa'adin ya cika. Idan an amsa ba ki gamsu ba, ki ɗaukaka ƙorafin zuwa na gaba, wato hukumar gudanarwar makarantar, ko babban ofishin kamfanin, ko hukumar kula da ma'aikatan gwamnati, ki faɗi takamaiman abin da amsar ta tsallake. Daga wannan lokaci ki riƙa rubuta duk wani sabon abu da aka yi miki, kamar takardar tuhuma ba gaira ba dalili ko sauyin wurin aiki zuwa nesa, da kwanan watansa, domin ramuwar gayya saboda ƙorafi hujja ce mai zaman kanta.

Mataki na 8: Fita waje

Idan kina cikin ƙungiyar ƙwadago, sakataren reshenku ne farkon wanda zai ɗauki maganar. Idan babu ƙungiya, ki kai kwafin takardunki ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharku, inda jami'an ƙwadago suke gayyatar ɓangarorin biyu domin sasantawa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa su ma suna karɓar ƙorafi ba tare da kuɗi ba, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma tana ba da shawarar shari'a ga matan da ba su da halin ɗaukar lauya. A abin da na gani, ƙananan wuraren aiki sukan sauko da zarar takardar gayyata daga ofishin ƙwadago ta iso.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana zama a Abuja, Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato da wasu biranen, tana kuma da cibiyar sulhu da alƙali zai iya tura shari'a can kafin a yi nisa. Shari'a tana cin lokaci da kuɗi, saboda haka ki zauna da lauya ku auna abin da kike bin bashi da abin da za ki kashe. Ma'aikaciyar gwamnati kada ta yi jinkiri ko kaɗan, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku wadda lauyoyin gwamnati suke yawan kafa hujja da ita, wasu hukumomin kuma dokar da ta kafa su ta wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Ranar da za ki ga lauyan, ki tafi da takardar ɗaukar aiki, da lissafin da kika yi a mataki na farko, da kwafin ƙorafi mai hatimi, da duk amsar da aka ba ki, a jere bisa kwanan wata.